Kwarashi da Rabin Fuska

Wata Talata ce cikin watan Fabrairu, a shekararmu ta biyu a Landover. Na tashi da safe na shiga banɗaki in kuskure baki, sai ruwan ya tsiyayo ta gefen hagu ya jiƙa mini gaban riga. Na ɗauka barci ne bai gama sakina ba. Na sake guntsa, ya sake zubowa. Da na ɗaga kai na dubi madubi, ɓarin dama na fuskata yana nan yadda na san shi. Ɓarin hagu kuwa ya saki. Gira ta faɗo, gefen baki ya yi ƙasa, ido ya ƙi rufuwa ko na ƙifta.

Ga wata mace, wannan ciwo ne kawai. Ni kuwa da fuskar nan na ci abinci shekara da shekaru. Kafin mu taho Amurka 'yar wasan kwaikwayo ce ni a gidan talabijin a Kaduna. An fi ba ni matsayin mace mai baki: mai gidan haya, mai tuwo a tasha, 'yar kasuwar da ba a taya mata kaya a kwana lafiya. Girata ta hagu ita ce jarina. In na ɗaga ta, ba sai na yi magana ba. Na sha shiga kasuwa mata su bar ciniki su biyo ni, wai sai na ɗaga musu ita sau ɗaya.

Da maigidana ya sami aiki a sashen Hausa na wani gidan rediyo a Washington, na tattara muka taho da 'yarmu guda. Muka kama gida a hawa na uku, tagarmu na kallon wurin ajiye motoci. Babu wanda ya san ni a nan. Mai kanti ya miƙo mini canji bai ko dube ni ba. Shekarar farko na yi ta tsakanin tukunya da taga.

Abin da ya fara dawo mini da raina wata 'yar ƙungiya ce ta mutanenmu, ma'aikatan rediyo da ɗalibai da masu aikin jinya, da suke haɗuwa kowace Asabar da yamma a ɗakin taro na ƙarƙashin wata coci a Lanham. Shugabanta mutumin Damagaram ne, abokin aikin maigidana, ya karanci wasan kwaikwayo, kuma shi yake rubuta mana. A lokacin ya rubuta wani wasan ban dariya a kan wata tsohuwa da ta zo daga gida ganin ɗanta, tana ta baza labari cewa likita ne a Amurka, ashe tasi yake ja. Ni ya ba matsayin tsohuwar. Za a nuna wasan a watan Yuni. Na riga na haddace maganganunta tun kafin sanyi ya yi tsanani.

A asibiti likita ya sa na ɗaga hannuwa, na matse yatsunsa, na bi fitila da ido. Ya ce ba shanyewar jiki ba ce, jijiyar fuska ce ta kumbura ta daina aiki. Ya rubuta ƙwayoyi, ya ba ni maganin ɗigawa a ido da filastar da zan riƙa liƙe fatar idon da ita. Na tambaye shi yaushe za ta dawo. Maganar ta fito a cakuɗe, sai da maigidana ya maimaita masa. Ya ce wasu makonni, wasu watanni, wasu kuma ba ta dawowa duka.

Aka fara zuwa dubiya. Mata suka cika mini falo da kuloli. Wata ta ce iska ce ta buge ni, ai ba a fita da magariba a ƙasar da ba a san masu ita ba. Wata ta ce baki ne, na cika fitowa gaban jama'a. Wata ta nuna mini yadda zan ja mayafi ta gefe, ba wanda zai lura. Dukkansu da kyakkyawar niyya suka zo, amma babu wadda ta dube ni a fuska. Da kafaɗata suke magana, ko da dardumar ɗaki. Maigidana kuwa ya mai da kansa mai gadi. In waya ta yi ƙara sai ya riga ni ɗauka ya ce ina barci.

Wanda ya fi yi mini ciwo daga 'yata ya fito. Shekararta shida, ta riga ta koma amsa mini da Turanci ko da Hausa na yi mata. Ta tsaya a ƙofar kicin tana kallona, ta tambaye ni ko fushi nake da ita, tunda na daina yi mata murmushi. Na ce ina yi mana, ga shi. Na yi. Ta ja da baya.

Bayan mako biyu shugaban ƙungiya ya zo da ledar lemo. Muka gaisa, ya yi mini sannu, ya zauna a bakin kujera yana juya makullin mota.

"Madam," ya ce, haka yake kirana, "na yi tunani a kan wasan nan. Lokaci na tafiya. Na ba wata ɗaliba daga cikinmu matsayin tsohuwar, don ki samu ki huta."

Na ce, "Ban ce na gaji ba."

"Na sani. Amma ba za mu bar ki a baya ba. Na ji an ce kina da hannu. Muna bukatar mai kula da kayan sawa, ɗinki da gyare-gyare. Shi ma babban aiki ne."

Na buɗe baki in gaya masa cewa tun yana makaranta nake gaban kamara. Kalmar farko da harafin "ba" ta fara, leɓena ya ƙi haɗuwa, iska ta fice ta gefe tare da yawu. Ya ɗiga a kan zanena, muna kallo ni da shi. Ya sunkuyar da kai, ya ce Allah ya ƙara sauƙi, ya tafi.

Ban yi kuka ba. Na shiga ɗaki na jawo akwatin da na zo da shi daga gida, na zazzage shi a kan gado. A aljihun ciki na sami kwarashina, ƙaramin ƙarfe mai ƙugiya a baki, wanda nake saƙa da shi tun ina makarantar kwana. A Kaduna shi ne abokin jirana. In kamara ta lalace, ko an ɗauke wuta, 'yan wasa su baje a gindin mangwaro suna gulma, ni ina gefe ina saƙa hulunan jarirai da marufan kwano. Tunda muka zo ban taɓa shi ba.

Babu zare a gidan. Na buɗe ma'ajiyar kayan maigidana, na ɗauko wata rigar sanyi mai ruwan ƙasa da na tsana tun ranar da ya sayo ta. Na yanke bakin hannunta, na kama zare na fara ja. Tana warwarewa ina naɗewa a gwiwar kujera. Ya dawo daga aiki ya tarar da rabinta a ƙasa.

"Ai ina sa rigar nan," ya ce.

"Da kana sa ta," na ce.

Ya tsaya ya dube ni, ya dubi zaren, ya ajiye jakarsa, ya zo ya miƙo hannuwansa biyu na ci gaba da naɗewa a kansu. Ba mu sake maganar ba.

Da ido ɗaya na fara, ɗayan yana liƙe da filasta. Sai in kai ƙugiya in kuskure ramin, in sake kaiwa. Layukan farko sun fito a karkace, wani wuri a tsuke, wani a sake. Ban san me nake saƙawa ba, kuma ban damu ba. Abin da na sani shi ne, in na ce wa yatsuna su yi, suna yi. A cikin kwanakin nan wannan kaɗai ya ishe ni dalilin tashi daga gado.

A hawa na biyu akwai wata nas, mutuniyar Filato, Kirista, ta girme ni da kusan shekara goma. Sista nake ce mata, ita kuma ta ce mini ƙanwata. Lokacin da abin ya faru tana wajen ɗanta a wata jiha. Ranar da ta dawo ta hawo da kayan aikinta a jiki, ta kama haɓata ta juya ni wajen hasken taga. Ta dube ni sosai, ta danna kumatuna da babban yatsa, ta ce in rufe ido, in hura baki.

"Na ga waɗanda suka fi wannan," ta ce. "Mene ne wannan abu mai kama da buhu da kike saƙawa?"

"Rigar Malam ce."

Ta yi dariya har da dafa bango. Ita ce ta fara yin dariya a gidan tun ranar Talatar nan. Ta ce akwai kantin zaren ulu a Wheaton, in shirya gobe tana hutu.

Da muka isa na ce ta shiga ta zaɓo mini, zan jira a mota. Ta kashe injin ta ce ita ba ta san kan zare ba, kuma ba ta yi wa mai ƙafafu biyu aike. Na ja mayafina ta gefe yadda aka koya mini. Ta miƙo hannu ta mai da shi baya. Ba don ta rinjaye ni na fita ba. Haushi ne ya kama ni, na tuna ni ce na taɓa tsayawa gaban cikakken zaure ba tare da gabana ya faɗi ba, yau ina ɓuya wa mai sayar da zare. Na buɗe ƙofa na shiga. Mai kantin ta dube ni, ta kau da kai, ta sake dubawa. Na bar ta ta gama. Na zaɓi ja mai ƙuna da ruwan goro da wani shuɗi mai kashe ido, duk launin da ba ya iya ɓoyuwa.

Sista ta koya mini motsa fuska: in tsotsi ruwa da tsinken roba, in gwada fito, in tura gira sama da yatsa ina kallon madubi. Madubin ne ban iya jurewa ba. Sai na haɗa aikin da saƙa. Kowane ƙulli kalma ɗaya. Baba. Fura. Bambami. Mafaka. Duk kalmar da take bukatar leɓe biyu su haɗu, ita nake nema. In na kai ƙarshen layi sai in ɗauko maganganun tsohuwar nan ta cikin wasa, waɗanda aka ƙwace mini, in yi ta jan su ɗaya bayan ɗaya.

Da sanyi ya fara sauƙi na ƙirƙiro wa kaina wani aiki. In 'yata ta tafi makaranta sai in ɗauki jakar saƙa in tafi tashar jirgin ƙasa ta Landover, in shiga in zauna inda kowa zai gan ni, fuska a buɗe. In tafi har cikin birni, in sauka, in tsallaka ɗaya gefen in dawo. Ba ni da wurin zuwa. So nake a kalle ni har kallon ya daina yi mini zafi. Ina saƙa ina motsa baki da maganganun wasa. Wani mutum mai jarida ya taɓa tashi daga kusa da ni ya koma can gaba. Na ɗora jakata a inda ya tashi na miƙe ƙafa.

Wata rana wata tsohuwa baƙar Ba'amurkiya mai hular coci ta zauna kusa da ni. Ta daɗe tana kallo, ina jira ta yi tambayar da kowa yake yi da ido. Sai ta ce na cika tsuke zare, shi ya sa gefen yake nannaɗewa. Ta karɓi kwarashin ta nuna mini yadda zan ratayo zaren a ɗan yatsa in sassauta. Ta ce da fushi nake saƙa, ana gani. Na ce haka ne. Ta ce to in yi fushin, amma in bar zaren ya numfasa. Ta sauka a tasharta. Gyaran da ta yi mini har yau da shi nake aiki.

Cikin watan Afrilu Sista ta lura gefen bakina yana ɗan motsi in na ce "fura". Ɗan kaɗan ne, kamar ƙuda ya sauka ya tashi. Asabar ɗin makon na ce wa maigidana ya kai ni Lanham.

Ba wanda ya gayyace ni. Na sauka matakalar cocin, na gaishe su, na ja kujera can baya na fito da saƙata, wadda a lokacin ta zama bargo, tana rufe mini gwiwa. Ɗalibar da aka ba matsayina yarinya ce mai kunya, ta zo har ƙasa ta gaishe ni da "Anti". Ba ni da rigima da ita. Ana cikin gwaji ta manta maganarta, ɗakin ya yi tsit. Ban ɗaga kai daga zare ba na faɗa mata daga inda nake. Ta ɗauka ta ci gaba. Ta sake mantawa, na sake faɗa. Haka na yi Asabar uku a jere. A ta huɗu shugaban ya dakatar da gwaji ya tako har inda nake.

"Madam, me kike so?"

"Dandamali."

"Babu abin da ya rage sai matsayin maƙwabciya. Maganarta ba ta fi a ƙirga da yatsu ba."

"Ba ni ita."

Ya rage murya. "Ina gudun a yi miki dariya."

"Ba wasan dariya ka rubuta ba?"

"Ba irin wannan dariyar nake nufi ba."

"Wannan kuma aikina ne," na ce. "Kai dai ka ba ni kujera da fitila."

Ɗalibar ta biyo ni waje ta ce in ina so in karɓi matsayina, ita dama tsoro take ji. Zuciyata ta so ƙwarai. Amma na san bakina. In na yi doguwar magana yakan gaji, kalmomi su fara narkewa. Na ce ta riƙe abinta, ta dai daina tafiya kamar budurwa, tsohuwa daga ƙugu take tafiya. Na nuna mata a wurin ajiye motoci.

A hanyar gida, da muka kusa isa, maigidana ya ce, "Duk abokan aikina za su zo."

"Kunyata kake ji?"

"Ba kunya ba ce. Ba na son a ɓata miki rai a gaban mutane."

"An riga an ɓata shi a cikin ɗaki, Malam. Gara a gaban mutane, ko ba komai zan iya ramawa."

Ranar wasan Asabar ce da la'asar, ana zafi mai ɗanko irin na garin nan. Ɗakin ya cika, yara a ƙasa, manya a kujerun ƙarfe, ƙamshin dafa-duka yana shigowa daga kicin ɗin cocin. Da na leƙa ta bayan labule na ga inda aka ajiye kujerar maƙwabciya. An karkatar da ita yadda ɓarin dama kaɗai jama'a za su gani. Da lokacina ya yi na fito da bargona a kafaɗa, na kama kujerar na juya ta, ƙafafunta suna ƙara a kan katako, har ta fuskanci mutane sosai. Na zauna, na baza bargon, na fara saƙa.

Ɗakin ya mutu. Ina jin kukan fanka. Na ga matan da suka zo mini dubiya sun sunkuyar da kai. Ɗalibar, cikin shigar tsohuwa, ta faɗi maganarta, tana yabon ɗanta likita. Na ƙarasa ƙullin da nake yi, ban yi sauri ba. Sannan na ɗago na dube ta da wannan fuskar tawa.

"Likita?" na ce. "To, in dai likita ne, marasa lafiyarsa a kujerar baya suke zama, kuma sai ya tambaye su ina za su sauka."

Sista ce ta fara fashewa da dariya daga layi na biyu, sauran suka biyo ta. Na san dariyar tausayi, na san ta mugunta, na kuma san wadda ake yi don magana ta faɗa daidai. Wannan ta ukun ce. Can gaba wata kalma ta maƙale mini, "babbar mota". Na gwada, iska ta fice. Na sake, ta fice. Na ajiye kwarashi, na sa yatsa biyu na kama leɓena na hagu na haɗa shi da kaina, na faɗe ta ɓaro-ɓaro, na share hawayen idon da gefen bargo na koma saƙata. Ba ya cikin rubutu. Sai da ɗalibar ta juya wa jama'a baya don kada a ga tana dariya.

Bayan an tashi wasu suka zo suna cewa na yi jarumta. Ban ji daɗin kalmar ba, wasa na yi. Shugaban ya same ni ina naɗe zare ya ce, "Kin juya mini kujera." Na ce na juya. Ya gyaɗa kai ya wuce. Mun ci gaba da aiki tare shekaru bayan haka, mun kuma yi ta faɗa a kan wasu abubuwan, amma bai ƙara yi mini maganar kayan sawa ba.

Fuskar ba ta dawo duka ba. Baki ya miƙe sosai, ido ya koyi rufuwa, amma har yau in ina cin abinci yakan yi hawaye, girar kuma ba ta sake tashi ba. Na nemi wasu hanyoyin, na koyi yin wasa da kafaɗa da shiru.

Da kaka ta shigo fasfona ya kusa ƙarewa, muka je wani shagon hoto a Wheaton. Mai hoton ya zaunar da ni, ya leƙa ta cikin na'urarsa, ya fito, ya ce in ɗan karkata kai hagu, kada kuma in yi murmushi, zai fi kyau. Na ce masa hoton fasfo ne, mutanen filin jirgi ni za su gani, ba wata ba. Ya dubi maigidana ko zai sa baki. Malam ya ce masa, "Yi yadda ta ce, in kana son ka rufe shago da wuri." Na gyara ɗaurin ɗankwalina, na dubi na'urar kai tsaye, na yi murmushi iya inda ya tsaya, ya ɗauka.